TARIN TSOHUWAR FIJO: BINCIKEN MISIN MAI ZUWA YANA TAFIYA A INJIN KAFIRETA

1. Gabatarwa

Wanda duk ya saba bin hanyoyin ƙasar Kazaure, daga Roni zuwa Gwiwa, ko ya miƙa gabas ya nufi Babura, ba zai rasa haɗuwa da wata tsohuwar Peugeot 504 ba, watau motar nan da jama'a suka fi sani da Fijo, ko dai mai ɗaukar fasinja ko kuwa a-kori-kura ɗauke da buhunan hatsi ranar kasuwa. An fara ƙera wannan mota a Faransa cikin 1968. A 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya soma harhaɗa motoci a Nijeriya, daga nan 504 ta zama motar hukuma da ta 'yan kasuwa da ta direbobin haya baki ɗaya. Ko a lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga cikin Jihar Kano, ran 27 ga Agusta 1991, ita ce motar da aka fi gani a harabar ofisoshi. An daina ƙera ta tuni, amma waɗanda suka rage suna nan suna aiki, kuma abincin gidaje da dama yana rataye a kansu.

Daga cikin cututtukan irin wannan mota babu wanda ya kai misin mai zuwa yana tafiya cin rai da cin kuɗi. Abin da kanikawa ke nufi da misin shi ne silinda ɗaya ko fiye ta kasa ƙona man da aka ba ta a lokacin da ya kamata. In misin ɗin mai ɗorewa ne, gano shi ba wuya, domin mai laifi yana nan tsaye. Amma akwai wanda yakan taso a hanya, mota ta riƙa fizga tana tari, sa'an nan da zarar an isa gareji sai inji ya koma lafiya lau, kamar yaron da zazzaɓinsa ya sauka a ƙofar asibiti. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa irin wannan ciwo yana da ƙa'ida, kuma wanda ya gane lokacin da yake tasowa ya riga ya gama rabin aikin gano inda yake.

2. Abubuwa Uku da Inji Ke Bukata

Injin fetur na wannan mota yana bin tsarin bugu huɗu wanda Nikolaus Otto ya kammala a Jamus cikin 1876. Fistin ya sauka ya zuƙo iska gauraye da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su kama su tura fistin ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Saboda haka kowace silinda tana bukatar abu uku: cakuɗen mai da iska daidai gwargwado, da matsi isasshe, da wuta mai ƙarfi a kan kari. In ɗaya ya gaza, an sami misin.

Aikin kafireta shi ne haɗa cakuɗen. A cikinta akwai maƙogwaro mai ƙunci a tsakiya. Iska na wucewa ta wurin da sauri, matsinta ya ragu, sai ta janyo mai ta wasu ƙananan kafofi da ake kira jet. Man yana fitowa daga wani ɗan kwano wanda fulot ke tsare yawan abin da ke cikinsa. Gwargwadon da fetur ke ƙonewa sarai shi ne kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. In mai ya yi kaɗan ƙwarai wuta ba ta kama shi, in ya yi yawa ya jiƙa fulogi.

Ɓangaren wuta kuwa yana bin tsarin da Charles Kettering ya fito da shi a Amurka wajen 1910. Batir yana ba da volt 12. Kwayil ya ɗaga shi zuwa dubu goma sha biyar ko fiye a duk lokacin da bakin kwantak ya buɗe. Kwandansa tana hana bakin kwantak ƙonewa, tana kuma taimaka wa kwayil ya saki wutarsa farat ɗaya. Distiributa, watau mai rabon wuta, ita ke aika ta ga fulogai bi da bi, a jere 1, 3, 4, 2.

Ya kamata a tsaya a yi ɗan lissafi a nan. Kowace silinda tana samun wuta sau ɗaya cikin juyi biyu na inji. Idan inji mai silinda huɗu yana juyi 3,000 a minti, yana bukatar tartsatsi 6,000 a minti, watau 100 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ashe bakin kwantak, wanda tazararsa a 504 ba ta wuce milimita 0.4 ba, yana buɗewa yana rufewa sau ɗari kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu. Abin mamaki ba shi ne a rasa tartsatsi ɗaya jefi-jefi ba. Abin mamaki shi ne yadda sauran ke zuwa ba fashi.

3. Bakin Direba, Kayan Aiki na Farko

Motocin zamani suna da kwamfuta da ke riƙe tarihin laifin inji. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su kasance da irin wannan tsari, wanda ke iya faɗin lambar silindar da ta yi misin. Injin kafireta ba shi da ko ɗaya daga wannan. Littafin tarihinsa kaɗai shi ne kunnen direba da bakinsa, don haka wajibi ne a ɗauki maganar direba da muhimmanci.

Hausar direbobi tana da wadatar kalmomi a wannan fage, kuma kowace tana nuna wani wuri dabam. In direba ya ce mota tana fizga, yana nufin ƙarfi yana yankewa yana dawowa nan take, kamar an ja ta da igiya an saki. Wannan ya fi kama da halin wuta, domin lantarki ba ya jinkiri: ko yana nan ko ba ya nan. In ya ce tana shaƙewa, ko tana sanyi a hankali har ta nemi mutuwa, sa'an nan ta farfaɗo bayan ya ɗaga ƙafa daga totur, wannan halin mai ne, domin kwanon kafireta a hankali yake ƙarewa, a hankali kuma yake cika. In ya ce tana tari ko atishawa ta wajen kafireta, galibi mai ya yi kaɗan ne, ko kuwa lokacin wuta ya goce. In kuwa ya ce tana harbi ta salansa kamar bindiga, to mai ya shiga silinda bai sami wuta ba, ya fita ɗanye ya je ya kama a cikin bututun hayaƙi.

Saboda haka bakanike na ƙwarai, kafin ya ɗaga bonet, yakan zauna ya yi tambaya kamar alƙali. Da sanyin safiya abin yake faruwa ko bayan inji ya ɗau zafi? A sulo ne, ko a hawa, ko a guje? A kan kwalta ko a burji? An yi ruwa ko an wanke inji? A ina aka sha mai na ƙarshe? Me aka taɓa a motar kafin ciwon ya fara? Matambayi ba ya ɓata, kuma waɗannan tambayoyi ba su cin ko kwabo.

4. Lokacin Ciwo Shi Ke Nuna Gidansa

Laifin da ke zuwa yana tafiya yana jiran wani sharaɗi ne ya cika. Sharuɗɗan da aka fi gani guda biyar ne, kuma yanayin ƙasar Kazaure yana samar da kowannensu a lokacinsa.

Na farko shi ne zafi. A bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40, balle kuma ƙarƙashin bonet. Kwayil yana ɗauke da siririyar waya mai dubban naɗi. In ta tsufa, wani wuri da ya tsage yakan haɗu yana sanyi, ya rabu in ƙarfe ya buɗe da zafi. Kwandansa ma haka take yi. Alamar ita ce mota ta tashi lafiya, ta yi tafiyar rabin sa'a, ta soma fizga, a tsaya ta huce, ta koma daidai. Zafi yana da wata hanya kuma ta ɓangaren mai: fetur yakan tafasa a cikin bututu ko a famfon mai, ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Wannan ya fi faruwa a cunkoso, ko bayan an kashe mota da zafinta an sake tayarwa. Direbobin da ke ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon mai suna yin gwaji ne na gaskiya, ko da ba su kira shi haka ba: in tsumma ya warkar, an san inda ciwo yake.

Na biyu shi ne nauyi. Yayin da mota ke hawa tudu da kaya, ko direba ya taka totur zai wuce babbar mota, silinda tana cika sosai, matsi ya ƙaru, kuma tartsatsi yana bukatar ƙarin ƙarfi kafin ya tsallake bakin fulogi. Wutar da ta isa a sulo ba lalle ta isa a nan ba. In wayar fulogi ta tsage ko bakin fulogi ya cinye ya yi faɗi, wuta sai ta nemi hanya mai sauƙi ta gudu jikin inji. Shi ya sa misin da ke tasowa nan take da taka totur ake fara zargin wuta da shi. Amma in sai an daɗe a guje sa'an nan ƙarfi ya riƙa raguwa, to mai ne ba ya isowa: filta ta toshe, ko famfo ya gaji, ko kafar iskar tanki ta rufe.

Na uku shi ne laima. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, murfin distiributa mai ɗan tsagu wanda ido ba ya gani yakan riƙe raɓa, wuta ta bi ta kansa ta tafi inda ba a aike ta ba. Da rana ta ɗaga, laima ta bushe, sai ciwo ya ɓace. In aka duba cikin murfin za a iya ganin siririn baƙin layi kamar zanen fensir, sawun da wuta ta bari ke nan.

Na huɗu shi ne girgiza. Hanyar burji mai gargada tana tona asirin duk wayar da ta yi sako-sako: kan batir, da wayar da ke haɗa inji da jikin mota, da makunnin da ake sa mabuɗi, musamman in an rataya masa tarin makullai. Har ila yau a cikin distiributa akwai wata 'yar waya da ke lanƙwasa duk lokacin da farantin kwantak ya motsa. Takan karye ta ciki, rigarta tana nan lafiya, ta riƙa haɗuwa tana rabuwa. Girgiza kuma ita ke tayar da laka da tsatsa da ruwan da suka kwanta a gindin tanki ko a kwanon kafireta, su toshe jet na ɗan lokaci, su sake kwanciya.

Na biyar shi ne ƙura da ingancin mai. Da hunturu ƙura tana cika iyakilina, iska ta ragu, mai ya rinjaya, fulogai su yi baƙi. Wanda ya cire iyakilina gaba ɗaya don mota ta sami numfashi ya gudu daga ruwa ne ya faɗa wuta, domin ƙurar za ta shiga ta cinye silinda. Game da mai kuwa, a ƙauyukan da gidan mai ke da nisa ana dogara ga 'yan bumburutu, kuma jarka da galan suna iya ɗaukar ruwa da datti ko da mai su bai yi niyyar ha'inci ba. Ba a bakin hanya kaɗai ake samun wannan ba: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Nijeriya, masu motoci da dama suka koka da lalacewar injinansu.

5. Tsarin Bincike

Kanikawan dā suna da wata magana, cewa yawancin laifin da ake ɗora wa kafireta na wuta ne. Dalili kuwa shi ne kafireta tana sama, tana da sukurori masu saurin juyawa, hannu ya fi saurin kai mata. Amma sukurun sulo ba ya juya kansa da dare. Wanda ya fara da murɗa shi ya ƙara sabon ciwo a kan tsoho, ya kuma ɓata sawun ɓarawo. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da duba, sa'an nan wuta, sa'an nan mai, sa'an nan matsi, daga mai araha zuwa mai tsada.

A fara da fulogai. A kwance su, a jera su bisa tsarin silindarsu, kada a cakuɗa. Bakin da ya yi ruwan ƙasa-ƙasa lafiyayye ne. Baƙi busasshe mai kama da kunkunniya yana nuna yawan mai ko raunin wuta. Baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai na hawowa. Fari fat yana nuna ƙarancin mai ko yawan zafi. Muhimmin abin lura shi ne ko fulogi ɗaya ne ya bambanta ko dukkansu. In ɗaya ne, laifin yana kan abin da silindar nan ta keɓanta da shi: fuloginta, wayarta, bawul ɗinta. In duka ne, a nemi abin da suka yi tarayya a kai: kwayil, kwantak, kwandansa, ko kafireta. Wannan rarrabewa kaɗai tana rage rabin waɗanda ake zargi.

Bayan haka a tayar da inji cikin duhu a ɗaga bonet. Wutar da ke zuba daga wayoyi takan nuna kanta da shuɗin ƙyalli. A girgiza wayoyin batir da na kwayil ɗaya bayan ɗaya ana saurare. A buɗe distiributa a duba bakin kwantak ko ya ƙone, a gwada tazararsa, a kuma kama sandar tsakiya a motsa ta gefe da gefe, domin in ta yi lilo tazarar ba za ta tsaya wuri ɗaya ba komai gyara.

Sa'an nan a koma ga mai. A zuba kaɗan cikin farar kwalba a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi ƙarara. In mota ta shaƙe a hanya a buɗe murfin tanki, in aka ji ya zuƙi iska da ƙara, kafar numfashinsa ce ta toshe. A motar da ke da cok na hannu, a ɗan ja shi yayin da ake misin: in inji ya gyaru, mai ne ya yi kaɗan, ko dai jet ya toshe ko iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Irin wannan iska, wadda ke bi ta gaskit ɗin gindin kafireta ko ta tsagaggen tiyo, ta fi damun inji a sulo, ta ɓace in an ba da wuta.

In duk wannan bai nuna komai ba, sai a auna matsin silinda da ma'auni, a kuma duba tazarar bawul. Bawul ɗin hayaƙi da aka ɗaure ƙwarai yakan rufe yana sanyi, ya kasa rufewa in ya miƙe da zafi.

Ka'ida ɗaya ta rufe dukkan waɗannan: a canza abu ɗaya tak a lokaci ɗaya, a gwada mota a irin yanayin da ciwon ke tasowa, a rubuta abin da aka gani. Wanda ya sauya fulogai da kwayil da kwantak da filta rana ɗaya, ko mota ta warke bai san me ya warkar da ita ba, ya kuma biya kuɗin uku a banza. Kada kuma a yar da tsohon kaya da wuri, domin ba kowane sabo ne lafiyayye ba, kuma kayan 504 na asali sai daɗa wuya suke yi ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Akwai hattara uku da ba a wasa da su. Kada a zuƙi fetur da baki. Kada a tsiyaya shi cikin kafireta inji yana juyawa, domin atishawa ɗaya ta isa ta tada gobara. Kuma mai babbar riga ya naɗe hannunta kafin ya sunkuya kusa da fanbel.

6. Misali

A ɗauka wani malamin makaranta a Roni yana da 504. Kullum yana zirga-zirga cikin gari ba ta taɓa ba shi matsala ba. Amma duk ranar da ya nufi Kano, ya bi ta Kazaure ya kama babbar hanya, kafin ya kai Dambatta sai ta soma fizga, wani lokaci ta yi harbi ta salansa. In ya tsaya ya yi salla, sai ta tashi kamar ba ita ba. An wanke kafireta sau biyu, an sauya filta, ba canji.

Mai bin ƙa'ida zai karanta wannan labari kamar wasiƙa. Gajeriyar tafiya ba ta tayar da ciwon, doguwa ke tayar da shi, hutu kuma ya kwantar da shi: sharaɗin zafi ne. Fizga da harbi ta salansa suna nuna mai yana isowa, wuta ce ke yankewa. In fulogai huɗu suka fito kamanninsu ɗaya, zargi ya koma kan kwayil da kwandansa. Sai bakanike ya ɗauki kwandansa da aron kwayil mai lafiya, ya shiga motar, su bi wannan hanya da tsakar rana. Inda ta soma fizga nan za a tsaya a sauya kwandansa, wadda ta fi araha, tun inji yana da zafinsa. In ta warke shi ke nan, in ba ta warke ba a sa kwayil. Cikin tafiya ɗaya an yanke hukuncin da wanke kafireta sau goma ba zai yanke ba.

7. Kammalawa

Misin ba ƙaramin abu ba ne da za a ce a lallaɓa. Man da bai ƙone ba asara ce, balle tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023. Yana kuma wanke baƙin mai daga bangon silinda ya gaggauta tsufan inji. Mafi muni, yakan zaɓi lokacin da aka fi bukatar ƙarfi, kamar sa'ad da direba ya fito wuce tirela a hanyar Daura, ko cikin dare ana ɗauke da mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibitin Kazaure.

Kafireta tana ƙarewa a motoci, amma tana nan a babura da janareto da injinan ban-ruwa, kuma mai da matsi da wuta su ne dai tushen aikinsu. Hanyar binciken ma ba ta tsaya ga inji ba. Ɗalibi a ɗakin gwaji da ma'aikacin da aka ba shi binciken wata matsala a ofis duk suna bukatar abin da tsohon bakanike ke yi a gindin bishiya: ya saurari mai ƙara da kyau, ya gano sharaɗin da ke tayar da laifi, ya rarrabe waɗanda ake zargi, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Masu wannan sani suna tsufa tare da motocinsu, kuma mafi yawan abin da suka sani ba a rubuce yake ba. Hakki ne a kan masu ilmin boko su je garejin su tambaya, su rubuta shi da Hausar da aka koya shi da ita, tun masu shi suna da rai.